Ɗumin Kujera

Shekara huɗu ke nan da aka turo ni unguwar bayan masaƙa in buɗe majami'a. Majami'a dai a baki, shagon wani tela ne muka kama, muka rataya gicciye a ƙusar da yake rataye almakashinsa. Kujerun roba talatin aka ba ni, kuma a shekarar farko har aron benci muke yi a wurin mai aski. Sai masaƙa ta rufe. Ma'aikatanta, waɗanda su ne jama'armu, suka yi ta zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo sallama da alkawarin zai riƙa leƙowa. Har yau ina jiran leƙen.

Mutum ɗaya ta rage mini, Mama, wata tsohuwa makauniya da ke zaune ita kaɗai tun rasuwar ɗanta. Kowace Lahadi sandarta ce ke fara gaishe ni, ƙwas-ƙwas a kan siminti, sannan ta zauna a kujerar gaba ta ce, "Fasto, yau mun kai nawa?" In an tashi kuma sai ta bi tsakanin kujeru tana dafa su har bakin ƙofa. Ni dai na ɗauka hanya take lalube.

Ranar da ya zama daga ni sai ita, na dubi kujeru ashirin da tara a wofi, na dubi fuskarta, sai bakina ya ce, "Ba laifi, Mama." Daga nan ƙarya ta sami gindin zama. Na koyi jan kujera da ƙafa don ta yi ƙara. Na koyi cewa, "Na baya, ku matso gaba mana." In lokacin waƙa ya yi sai in kunna tsohon kaset ɗin mawaƙanmu can ƙuryar ɗaki. Har sanarwa nake yi wa bango, ina roƙon iyaye su tsawata wa yaransu. Ni da aka aiko in faɗi gaskiya, ga ni na ƙware a wasan kwaikwayo.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne addu'ata ma haka ta koma. Ina durƙusawa, ina magana, amma ba na jin akwai mai saurare. Kaɗaici ya ci ni ya cinye, har na fara zargin can sama ma kujeru ne kawai a jere. Na rubuta wa Babban Fasto na ce a janye ni. Ya amince, ya ce ranar Litinin mota za ta zo ta kwashe kujeru, ni kuma in mayar wa mai shago makullinsa.

A Lahadin ƙarshe karatu ya faɗa kan manzo Toma. Na yi wa'azin yadda aka koya mana: kada mu zama kamar wanda ya ce gani ya kori ji, ya ƙi yarda Ubangiji ya tashi daga matattu sai ya taɓa gurbin ƙusa a hannunsa. Na ɗaga murya sosai, don mai shakka ya fi kowa iya zagin mai shakka. Da na sa albarka, Mama ta miƙe amma ba ta nufi ƙofa ba.

"Fasto, kawo hannunka."

Ta ɗora tafina a kan kujerar da ta tashi. Da ɗumi. Ta ja shi zuwa ta kusa da ita, sai sanyi kamar gindin randa.

"Kujera ba ta iya ƙarya, ɗana," ta ce. "Wata goma sha ɗaya ke nan tawa kaɗai ke da ɗumi. Shi kuma mutumin nan mai tari a cikin waƙa ta biyu, wuri ɗaya yake tarinsa kowane mako. Ka taimaka ka kai shi asibiti."

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Me ya hana ki faɗa, Mama?"

"In na faɗa ai sai ka daina zuwa."

A nan na zauna na kwashe komai na gaya mata, wasiƙar, motar gobe, har da zancen addu'ar da ba ta wuce rufin ɗaki. Na zaci za ta yi salati irin na tsofaffi ta yi mini faɗa. Sai kawai ta gyara riƙon sandarta.

"Tun da aka binne ɗana ban sake jin Ubangiji kusa da ni ba," ta ce. "Amma yau ka ci zalin Toma. Mako guda cur sauran manzanni suna murna, shi bai gaskata ba. Da suka sake taruwa, ina aka same shi?"

"A ɗakin, tare da su."

"To ka gani. Bai gaskata ba, amma bai tafi ba. Kuma kai da bakinka ka taɓa gaya mana daga baya har ƙasa mai nisa ya kai bishara. Ni a cikin wannan makon nake, nawa ne dai ya yi tsawo."

Ba ta roƙe ni in zauna ba. Ta fita, ina jin sandarta har ta sha kwana wajen shagon mai aski.

Da safiyar Litinin direba ya zo, muka yi ta ɗora kujeru a bayan mota. Da ya juyo ɗaukar na ƙarshe, na tsaya a gabansu.

"Saura uku, Fasto."

"Bar su. Zan yi wa Babban Fasto bayani da kaina."

"Ku nawa ne kuka rage?"

"Mu biyu."

Ya dube ni, ya dubi kujerun, ya ga abin ba na tambaya ba ne, ya ja motarsa. Ba wani haske na gani ba, kuma addu'ata a ranar ba ta fi ta jiya nisa ba. Makullin dai ya kwana a aljihuna.

Da Lahadi ta zagayo ban kunna kaset ba. Mama ta zauna ta yi tambayarta, na ce, "Mu biyu ne, Mama." Muka yi waƙa da muryoyinmu marasa daɗi, na yi wa'azi a zaune, a hankali. Da muka tashi ta miƙa hannu ta dafa kujera ta uku, ta daɗe tafinta yana kai.

"Har yanzu da sanyi," ta ce. "Kada ka ɗauke ta."