Yaron Nan

Habsatu ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ɗa ɗaya tak Allah ya ba ta, amma ya zagaya da ita Yamai kamar mai tallar goro.

Alu sunansa, kuma shi ne ɗan fari. Da aka yaye shi aka kai shi Dogondutsi wurin kakarsa, aka bari sai da ya yi barci, sannan aka lallaɓa aka shigo mota. Habsatu ba ta yi hawaye a gaban kowa ba. Wace mace ce za ta zubar da mutuncinta a kan ɗan fari? Ko sunansa ba ta kamawa. "Yaron nan" take cewa, in ya matsa mata ta ce "kai".

Da ya shekara huɗu ta samo dabarar maido shi. Ba ta ce tana kewarsa ba, Allah ya kiyaye. Cewa ta yi ƙasa ta samu ƴancin kai, Nasara suna ta tafiya, kujerun biro, wato ofis, sai wanda ya yi lakkol, makarantar boko ke nan, kuma yanzu har ƙanana ana sa su jardan, wato lakkol ɗin wasa, kafin su shiga aji. Mijinta Yakuba ya ga maganar ta hau, ya je ya ɗauko shi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Yaro ya kama bakin zanenta ya ƙi saki. Ta shiga madafa yana nan, ta zagaya yana tsaye a ƙofa yana tsala ihu. Ita kuwa a gidan waya take aiki, hutun da ta roƙa ya kusa ƙarewa.

Ta fara da jardan na Filato, inda manyan ma'aikata ke kai ƴaƴansu. Wuri tsaf, ga lilo, ga kujeru ƴan mitsi-mitsi, ga madam da ba ta jin komai sai Faransanci. Habsatu ta nuna wa yaron lilo, da ya juya ta sulale. Kafin hantsi aka aiko a kira ta. Ya shige ƙarƙashin tebur, ya jiƙa wandonsa, da madam ta miƙa hannu ta jawo shi ya gantsara mata cizo.

Ta gwada wani a Yantala. Nan ƙosai ta danƙa masa, yana ci ta ɓace. Wannan karon ta ƙarƙashin darni ya fice, masu wanki suka tsince shi a bakin kogi yana shassheƙa. Maƙwabta kuma kowa da nasa: wannan ta ce rubutu, waccan ta ce laya, wata ta ce tsabar sangarta ce, a samo tsumagiya. An sha rubutun, an ɗaura layar, yaro yana nan yadda yake.

Yakuba ba mai yawan magana ba ne, amma zancen kogi ya tsorata shi.

"Habsatu, ran Juma'a akwai kamiyo, babbar motar nan mai zuwa Dogondutsi. In bai zauna wani wuri ba kafin nan, zan maida wa Inna jikanta. A can dai ba a tsince shi a bakin ruwa ba."

"Yadda ka gani, Malam," in ji ta. Haushin yaron take ji, da na Yakuba, da na kanta da ba za ta iya buɗe baki ta ce a bar mata ɗanta ba.

Saura wuri ɗaya, shi ma da ta raina shi. Wata Marta ce, Kirista daga Maradi, tsohuwar malamar mishan, ta kafa rumfa a gidanta a Bukoki tana tara yaran unguwa. Ba lilo, ba kujera, sai tabarmi da randa da gwangwanayen da yara ke gina gari da su. A ƙofar gidan mata masu waina da tuwon madara sun baje, idon kowace kamar na shaho.

Habsatu ta zaunar da yaron kusa da gwangwanaye, ta ce, "Kai, dubi wancan ƙadangaren." Ya waiga, ta fara ja da baya.

"Ina zuwa, ƙanwata?" in ji Marta, ta tare ƙofa.

"Aiki mana. Gara in tafi bai gani ba."

"Haka kike yi kullum?"

"To yaya zan yi? In tsaya ya yage mini zane?"

Marta ta riƙe haɓa. "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Yaron da duk ya ɗauke ido sai ya tarar uwarsa ta ɓace, yaushe zai yarda ya ɗauke ido? A gidana ba a gudu. Ki durƙusa, ki kira shi da sunansa, ki gaya masa inda za ki da lokacin da za ki dawo."

"Sunansa? Haba Malama, ɗan fari ne fa."

"Na sani. Ni ma ba daga Faransa aka kawo ni ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In ba za ki iya ba, ɗauki abinki, ban da ƙarfin bin yaro zuwa kogi."

Habsatu ta ja tsaki a zuci. Ji mace da tsaurin ido. Ga masu waina sun daina juya waina, sun kasa kunne, gobe duk Bukoki za a ji. Ga yaron ya riga ya gane, ya rugo ya cukwikwiye zanen da hannu biyu. Ga Juma'a jibi.

Ta durƙusa. Bakinta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa.

"Alu."

Yaron ya waiga bayansa. Ya dubi Marta, ya dubi masu waina, yana neman wanda ya kira shi. Sai da ya rasa, sannan ya juyo ya tsura wa bakin uwarsa ido.

Nan ta manta da masu waina.

"Ni ce, Alu. Aiki zan tafi gidan waya. In ka ji kiran azahar, zan zo in ɗauke ka. Ba Dogondutsi ba ne nan, ka ji? Zan dawo."

Ya yi kuka, kuka sosai, amma ya saki zanen. Tana fita wata mai waina ta ce, "Oh, zamani. Ma'aikaciya ta zama Nasara." Habsatu ta wuce abinta.

Ladan bai ƙare kira ba ta iso, tana haki. Alu yana zaune a bakin rumfa, fuska duk sawun hawaye, hannu duk ƙasa.

"Ya yi kuka har ya gaji, ya sha kunu, ya gina rumbu da gwangwani," in ji Marta. "Gobe ma zai yi kuka, kada ki ce ban gaya miki ba. Ki dai kawo shi."

A hanya yana riƙe da yatsanta, ba zane ba. Sun kusa gida ya tsaya cak.

"Sake faɗi."

"In sake faɗin me? Kai, ka ishe ni yau, wallahi."

Bai motsa ba. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ba kowa a lungun sai wata akuya. Ta sunkuya ta faɗa.

Ran Juma'a kamiyon Dogondutsi ya tashi, Yakuba ya aika wa Inna goro da sabulu.