Takardar da Auta Ya Ƙi Sa Wa Hannu

Karo na uku ke nan takardar ta dawo gida babu sa hannu. Kaka ce ta tsince ta a jakar makarantar jikarta, ta duƙunƙune a ƙarƙashin littafin lissafi. Ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Karanta min, ƙawata, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Yarinyar, 'yar shekara goma, ta karanta. Ranar Alhamis ma'aikatan lafiya za su zo makaranta su yi wa 'yan mata allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Amma sai wadda iyayenta suka sa hannu.

"Ubanki me ya ce?"

"Wai sai ya yi bincike."

"Bincike! Miƙo min takalmina."

Uban yarinyar shi ne autan Kaka, gyaran waya yake yi a wani ɗan shago a bakin titi. Ta same shi ya duƙufa a kan wata waya da ya farke, ƙananan kusoshi jere a murafen kwalba, ƙaurin dalma ya cika shagon. Mutum biyu na zaune a benci suna jira.

Ta ɗora takardar a kan wayar.

"Inna, ke da kanki? Da kin aiko ai."

"Sau uku ana aikowa. Sa hannu."

Auta ya sosa ƙeya. "Ba ƙi na yi ba. Na ji wani likita yana cewa allurar tana hana haihuwa."

"Wane likita? A wane asibiti?"

"Saƙon murya ne aka turo min."

"Kai da kullum kake farke cikin waya, ka taɓa cin karo da likita a ciki?"

Ɗaya daga cikin masu jira ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari.

"Inna, yarinya lafiyarta ƙalau. Me ya haɗa ta da ciwon manya?"

Kaka ta yi tsaki, ta ja kujera ta zauna. Ba ta so maganar ta kai nan ba.

"Shekara takwas da suka wuce, aikin da aka yi min, me aka ce muku?"

"Ciwon ciki."

"Wannan ciwon ne. Mahaifar gaba ɗaya aka cire. Yayarka kaɗai ta sani, ita ta riƙa wanke min zannuwa. Mu huɗu ne a ɗakin asibitin nan, ni kaɗai na dawo gida da ƙafata. Ga shi ka sa na faɗa a gaban baƙi, hankalinka ya kwanta?"

Masu jira suka sunkuyar da kai. Auta ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Me ya sa ba a gaya min ba?"

"Wace uwa ce za ta zaunar da ɗanta namiji ta yi masa wannan zancen?"

Duk da haka bai sa hannu ba. Sai da ya rufe shago ya ja ta zuwa asibitin unguwa, ya tsare wata nas da tambayoyi. Ta yi masa bayani cewa allurar ba ta hana haihuwa, kuma ta fi aiki idan an yi ta tun da ƙuruciya. Ya maimaita tambaya ɗaya sau uku. Kaka na zaune tana kaɗa ƙafa, tana cewa, "Allah Ya ba ki haƙuri, 'yar nan. Ni shekara arba'in nake fama da shi."

Ƙarshe ya karɓi biro ya sa hannu, amma bisa kuskure a gurbin sa hannun shugabar makaranta. Sai da aka nemo sabuwar takarda.

Ranar Alhamis aka yi wa yarinyar allurar. Ta dawo tana riƙe da damtse kamar an ɗaura mata karaya, ta ce wanke-wanke ya gagare ta. Kwana biyu Kaka ce a bakin famfo, tana cuɗa tukunya tana mita.