Na Ƙarshe a Jeri

"Baba, saƙon yana zuwa, kai ne kake goge shi," in ji Sista, tana kwance masa abin awon jini daga dantse. "Sau uku ke nan kana tsallake ranar ganin likita. Dubi yadda jininka ya hau."

Tsohon, wani tela da idonsa ya fara gajiya, ya zaro wayarsa ya miƙa mata da hannu biyu. "'Yata, duba da kanki. Ni ko saƙon masu talla ban iya gogewa ba."

Daga bayan kabad ɗin katuna, Injiniya tana jin su. Haka ma'aikatan asibitin suke kiranta, don ita ta rubuta manhajar da ke bin jerin masu hawan jini kowace safiya, ta nemo waɗanda ranarsu ta kusa, ta tura musu saƙo. Shekara biyu ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

"Sista, ba ni lambar katinsa."

"Kar ki wahalar da kanki. Tsufa ne kawai."

"Ba ni dai."

Sunansa yana cikin jerin, lambar wayarsa daidai. Injiniya ta sa manhajar ta nemo shi, amsa ta dawo: babu. Ta sake, babu. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Sai ta ƙara layi ɗaya cikin umarnin da ke zagaya jerin, cewa duk gurbin da ya taka, ya buga lambarsa a allo.

Lambobi suka zubo. Sifili, ɗaya, biyu, don kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Mutum ɗari uku da sha biyu ne a jerin, ke nan gurbin ƙarshe shi ne ɗari uku da sha ɗaya. Ta gangara har ƙasa. Ɗari uku da goma. Daga nan ba komai.

An jera sunayen bisa haruffa, na Baba kuwa da Z ya fara. Kullum manhajar sai ta zo dab da shi ta juya.

Ta koma kan layin da ke faɗa wa manhajar inda za ta tsaya. Ga shi ƙuru-ƙuru, an rage ɗaya inda bai kamata ba. Ba sai ta tambayi wanda ya rubuta ba. Ta gyara, ta sake sa manhajar aiki. Ɗari uku da sha ɗaya ya fito.

Wayar tsohon ta yi ƙara a kan tebur.

"Ka gani ko?" in ji Sista. "Ga shi ya shigo a gabanmu. Dama na faɗa maka."

Baba ya kai wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Kunya ta kama shi. "To, ku yi haƙuri. Ashe daga gare ni ne. Yara ma a gida sun ce na fara mantuwa."

Ba wanda ya ga allon Injiniya. Duk da haka ta ture kujera ta fito.

"Baba, ba ka manta komai ba, wayarka kuma lafiyarta ƙalau. Wannan shi ne saƙo na farko da muka taɓa turo maka. Kuskurena ne. Ka yafe ni."

Ya dube ta, ya dubi Sista da ta sunkuyar da kai. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni ma na sha yanka yadi ya gaza da ɗan yatsa ɗaya." Ya miƙe a hankali. "Amma zan so ki maimaita wa babbar 'yata wannan maganar."

"Zan kira ta yau."

Da ya fita zuwa layin likita, Injiniya ta ɗauki katinsa ta duba ranar da aka buɗe shi. Wata huɗu kacal.

"Sista, ina tsohon littafin rajista?"

"Me za ki yi da shi?"

"Kafin Baba ya zo, akwai wanda yake na ƙarshe."