Ƙahon Malam Na'inna

Suwaiba na Kebbe tana ɗibar majinar masu tari, wadda za a kai birni a gano asalin ƙwayar cutar, aka bugo mata cewa mahaifinta, Malam Na'inna, ya yanke jiki ya faɗi.

Kafin babur ya kawo ta Tambuwal har rai ya yi halinsa. Ɗakinsa ta faɗa, ta tarar da ƙwayoyin tsinka jininsa ko ɓallewa ba a yi ba. Bakinta har ya gaji da faɗa wa mutanen gidan: tunda aka sa masa ɗan bututun ƙarfe a jijiyar zuciya, in ya bar maganin nan jini zai daskare a ciki.

Ta fito ta watsa ƙwayoyin gaban yayanta Abdulbaƙi.

"Yaya, wa ya hana mai sha?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙaho anka yi mai, jini ya ƙi tsayawa. Wanzami ya ce maganin ne, sai munka ce ya bari."

"Wanzami! Ni da nika aikin asibiti, ba ku da lambata?" Ta nuna ɗakin da gawar take. "To, a kirawo shi ya zo ya ga aikinai."