Akuyar da Baba Ya Saka a Faifai

Babanmu ya fara aikin kwamfuta tun zamanin da na'ura ɗaya ke cinye ɗaki guda. In ya soma labarin, sai ya bi da kai ta kan katunan da ake hudawa kafin a zuba mata, da sanyin ɗakin da ke sa shi zuwa aiki da rigar sanyi ana tsakiyar zafi. Daga nan ya gangaro ranar da aka kawo musu ta kan tebur, mai koren rubutu a baƙar fuska, wadda manajansu ya sa tela ya ɗinka mata riga. Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne: wai shi da hannunsa ya taɓa ƙirƙirar wasa a kanta, na wata akuya mai tsallake shinge.

Ni da Yaya ba mu taɓa yarda ba. Mutumin da ko hoto zai tura a waya sai ya kira ni daga wurin aiki? Mama kuwa ba ta sa baki, sai dai ta murmusa ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar da za a yi wa ɗakinsu fenti, muna fitar da kaya, na ci karo da wani ɗan baƙin faifai na roba mai kusurwa huɗu a cikin kwalin takalmi. An zana akuya da biro a jikinsa. Baba ya karɓe shi da hannu biyu, ya ce mu shirya jin kunya.

Samun abin da zai karanta faifan ne ya zama aiki. Masu shagunan waya suka yi ta juya shi suna dariya, wani ma ya tambaya ta ina ake cajinsa. Daga ƙarshe aka kwatanta mana wani dattijo mai gyara a bayan layin masu walda. Ranar hutu muka ɗunguma mu huɗu.

Shagon ƙunci gare shi, sai warin dalma da tsofaffin na'urori jibge har rufi. Mai gyaran ya jawo wata daga ƙarƙashin benci, ya hure ta, ya jona, ya saka faifan. Ta yi gurnani kamar injin markaɗe. Shi da Baba suka ɓarke da hirar lokacin da ake shiga intanet ta wayar tarho, in wani ya ɗaga kan wayar komai ya yanke.

Can sai ga akuyar a fuskar: wata koriyar aba mai ƙafa huɗu da ƙaho. Yaya ya ce ta fi kama da tebur. Baba bai kula shi ba. Ya zauna yana gyara tabarau, ya danna. Akuyar ta yi karo da shingen farko. Ya sake, ta sake faɗuwa. Ya ce madannan ne suka yi tauri.

"Malam, ɗan matsa," in ji Mama.

Ta miƙa mini jakarta, ta ɗora yatsa biyu. Akuyar ta fara tsalle, shinge bayan shinge, gudun yana ƙaruwa, Mama ko ƙifta ido ba ta yi. Mai gyara ya ajiye abin da ke hannunsa ya matso. Ana cikin haka shingayen suka ƙare, akuyar ta ci gaba da tafiya har ta fice ta gefen fuskar, komai ya tsaya cak.

Mama ta juyo tana dariya. Ashe ita ce mai buga takardu a ofishin su Baba a wancan lokacin, a lokacin hutun rana take wasan. Baba bai yi masa ƙarshe ba don bai zaci wani zai kai nan ba. Duk sanda ta kai, sai na'urar ta sandare, dole ta je ta kira shi. Ta haka suka saba.

"Ka ce za ka gyara kafin ɗaurin aure," ta ce da shi. "Ina nan ina jira."

Baba ya sosa ƙeya, ya tambayi mai gyara ko zai ara masa na'urar. A cinya ya riƙo ta cikin mota har gida.

Ta kwashe makonni a kan teburin cin abinci, muna ci da faranti a hannu. Baba ya manta rabin abin da ya sani, yana tambayar wayarsa, wadda a kan haka ya koyi sarrafa ta ba tare da ni ba. Wata safiya ya kira mu, ya sa Mama ta buga har ƙarshe. Bayan shingen ƙarshe akuyar ta tarar da tulin ganye, ta durƙusa tana ci. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ganyen ya yi kaɗan, akuyar ta sha tafiya.