Madubin Bindigar Zihni

"Ba wannan ba," in ji Zihni, ya ture ƙaramin madubin hangen nesa na bindiga da bayan hannu. "Sauko min da wancan mai ƙaton baki."

Nazmi mai shagon kayan farauta ya ja dogon numfashi, ya taka kujera ya sauko da shi daga kantar sama. Tun hantsi tsohon yake zaune a shagon, bindigarsa kwance a kan tebur cikin tsohon bargo, kofin shayi na uku ya huce a gabansa. Awa biyu ya yi a ƙaramar bas daga ƙauyensu na kan dutse zuwa garin Shavshat, kuma har yanzu gwiwoyinsa ba su yafe masa ba. Da zai fito, matarsa Mukaddes tana zaune a bakin ƙofa tana yi wa zanen aikinta faci da farin zare, domin baƙin ya ƙare. Sau biyu ta ce masa ya sayo mata baƙin zare a gari, sau biyu ya ce to ba tare da ya juyo ba.

"Kawu Zihni, tsaya in tambaye ka," in ji Nazmi. "A ina kake harbi? Tsallaken kwari, ko cikin kurmi?"

"Duka."

"Babu duka a shagon nan. Da akwai, da ni ma na ɗaura wa tawa."

"Ina son wanda zai nuna min kunnen akuyar dutse daga tsallake."

"Yaushe rabonka da hawa wajen akuyoyin dutse?"

Zihni ya ɗauki shayin da ya huce ya kurɓa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, amma wannan ba abin da za a gaya wa yaron da aka haifa jiya ba ne, ko da kuwa yaron ya fara sanƙo.

Abin da ya kawo shi gari ba akuya ba ce. Duk Lahadi, idan masara ta fara nuna, mutanen ƙauyen sukan fita korar aladen daji, don in ba a kore su ba dare ɗaya ya ishe su su kwantar da gonar mutum. Masu kora sukan shiga kurmi da karnuka suna dukan garwa, maharba kuma kowa ya tsaya a mashiginsa yana jira. Mashigin Ruwa, inda manyan aladun suka fi bi, na Zihni ne shekara arba'in da ɗaya. Ran Lahadin da ta wuce wani ƙato ya gifta ta gabansa, taku goma sha biyar bai kai ba. Ya harba sau biyu, sau biyu ya sami itace. Da yamma a gidan shayi, Rasim shugaban maharba, wanda Zihni ne ya koya masa riƙon bindiga, ya faɗa masa a gaban kowa, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa Lahadi mai zuwa ce ta ƙarshe. In ya sake kuskurewa, za a ba wani mashigin, shi kuma a ba shi garwa ya bi masu kora. Garwa, ga mutum mai shekara sittin da bakwai! Tun ranar abinci bai yi masa daɗi ba.

"Na ji labarin itacen," in ji Nazmi a hankali. "An ce bai tsira ba."

"Bakin mutanen nan ya fi bas sauri."

"Shi ya sa nake ba ka ƙaramin. A kurmi ba nisa kake nema ba, fili kake nema. Ka ɗaga, idanu biyu a buɗe, ka ga dabbar gaba ɗayanta, ka saki. Wannan ƙaton na mutanen Ankara ne, masu zuwa da sabon takalmi su zauna a kan dutse suna cin cakulan." Sai ya rage murya. "Kawu, ka je an duba maka idon nan kuwa? Asibiti ga shi nan bayan gada."

"Idona ƙalau yake. Bindigar ce ta tsufa."

"To, Allah ya ba ta lafiya."

Zihni ya ɗauki babban madubin ya fita ta ƙofar baya, inda ake hangen dutsen da ke tsallaken kogi. Nazmi ya murɗa masa zoben ƙara girma da ke jikinsa har lamba goma sha biyu. Da ya kafa ido, sai tsallaken ya matso gabansa. Ga wani mutum a kan rufin kwano yana buga ƙusa. Ga barkono an rataye a jikin baranda, ja wur, har yana iya ƙirgawa. Ashe haka duniya take da baki da gefe? Ya daɗe da sabawa da ganin komai kamar ta gilashin bas da ruwa ya jiƙa, har ya ɗauka gajimare ne ya yi yawa a 'yan shekarun nan. Ya daɗe a tsaye yana kallo, kuma da ya koma ciki babu sauran magana.

Nazmi ya ɗaura madubin yana gunaguni, ya ɗaɗɗaure kusoshin, ya mayar da zoben lamba uku.

"Abu biyu, don girman Allah. Ka gwada shi a kan garwa kafin Lahadi. Sannan ka bar shi a kan uku kullum. In ka manta shi a sha biyu alade ya fito maka kusa, gashi kawai za ka gani ya cika gilashin, ba ka san kai ba ne ko gindi. Duk shekara sai baƙi sun yi wannan shirmen."

"Ni baƙo ne?"

"Kai ne dai ka sayi madubin baƙi."

A bas ɗin komawa ya zauna a matse tsakanin buhun gari da wata mata mai kaji biyu a kwali, bindigar a tsaye tsakanin ƙafafunsa. Ya yi gyangyaɗi, ya farka, ya sake yi. Bayan la'asar ya isa gida a gajiye tilis. Ƙofa a janye, saniya tana kuka a turke, Mukaddes ba ta nan. Bai tsaya tunanin inda ta je ba. Ya ɗauki wata tsohuwar garwar man zaitun, ya gangara ƙasan gona inda masara ta haɗu da kurmi, ya ɗora garwar a kan kututture, ya koma baya ya zauna a kan dutse ya sa harsashi.

Amma kafin ya auna garwar, zuciya ta ce masa ya ɗan leƙa sama. Ya murɗa zoben har ƙarshe, ya nemo ƙololuwar da ya daina hawa. Tana nan yadda ya bar ta, da tsagar da yakan kwanta a ciki yana jiran akuyoyi tun asuba. Ya daɗe yana kallo, kewa ta cika shi, sannan ya sauke bindigar a cinya ya murza idanu.

Nan ne ya ji motsi ta hagu.

Reshe ya karye. Ganyaye suka girgiza a bakin kurmin, kamar taku talatin daga inda yake. Wani abu baƙi, mai faɗi, mai tozo, yana turo kai ƙasa-ƙasa yana nufo masara. Gajiyar Zihni ta tafi gaba ɗaya. Wannan ai shi ne ƙaton ran Lahadi! In ya kayar da shi yau, shi kaɗai, ba kare ba garwa, ya kai haƙoran gidan shayi ya ajiye a gaban Rasim, wa zai ƙara yi masa zancen mashigi? Bindigar ta hau kafaɗa da kanta, kamar yadda ta saba shekara arba'in. Yatsansa ya riga ya fara matsa kunamar lokacin da idonsa ya shiga gilashin.

Ya manta zoben a sha biyu. Abu guda ne ya cika gilashin baki da baki, kuma ba gashi ba ne. Yadi ne mai ratsin ja da baƙi, da faci a tsakiya, an ɗinke shi da farin zare. Layukan awo biyu da ke cikin gilashin sun gicciya daidai a kan facin.

Bai san lokacin da ya janye yatsan ba. Ya kwantar da bindigar a ciyawa, ya zare harsashin, harsashin ya suɓuce masa ya faɗi, ya kasa ɗauka. Da ya bar zoben a kan uku kamar yadda aka gaya masa, da tozo zai gani, kuma shi bai taɓa jinkiri a kan tozo ba.

Mukaddes ta ƙaraso a duƙe, ƙaton damin ganyen saniya a bayanta ya rufe ta har ka, yadda matan ƙauyen suke ɗaukowa daga kurmi kowace yamma. Ta jingina damin da dutse, ta miƙe tana dafe ƙugu.

"Kai tsoho, kana kallona ina fama ko ka ce sannu? Me ya same ka, ka yi fari fat haka?"

"Bas ce. Ta jijjiga ni."

"Kai ka so." Ta dubi bindigar. "Wannan ne abin da ka tafi nema tun safe? Ana gani da shi kuwa?"

"Ana gani."

"To madalla. Ina zarena?"

Ya dube ta, ya dubi facin, ya girgiza kai.

"Na sani! Abu ɗaya tak na aike ka. Haka zan yi ta yawo da farin faci kamar tutar gwamnati, kowa yana hango ni daga nesa."

"Bar shi haka," in ji shi. "Kada ki canza shi."

Ta yi tsaki ta sunkuya za ta ɗauki damin, sai ya riga ta. Ya saɓa shi a baya, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya miƙa mata bindigar ba harsashi ta riƙe. Da suka zo wucewa ta wajen kututturen, ya tsaya ya ɗauki garwar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa sau biyu yana sauraro.

"Wannan kuma ta mece ce?" in ji Mukaddes.

"Ta ran Lahadi ce," ya ce, ya matse ta a hammata suka kama hawa.