Dokar da Ke Manne a Bango

Shekara biyu ke nan takardar na manne a bangon shagon Mai Firij, sama da inda yake jera tukwanen gas. Dokar da majalisa ta yi ce kan gas ɗin sanyaya, shafi goma sha ɗaya, ya sa an rufe ta da leda saboda maiƙo. Sai da furfura ta fara fito masa ya koyi karatu, don haka ya bi ta layi-layi da ɗan yatsa har ya kusa haddace ta. Babu inda ta ce zuba gas ba lasisi laifi ne. Yana zaune cikin 'yan kallo ranar da 'yan majalisa suka yi muhawara suka cire wannan sashen.

Ƙaninsa, lauya a ma'aikatar da ke kula da harkar, shi ya ce masu gyaran firij su janye ƙorafin da suka kai kan dokar. "An cire, Yaya, ku koma bakin aikinku." Mai Firij ya bi shago-shago ya isar da saƙon da bakinsa.

Ranar Talata da hantsi yana tsugune bayan wani firij, jami'in duba ya shigo ya nemi lasisi. Mai Firij ya nuna bango da sifana.

"Karanta, ranka ya daɗe. In ka ga laifina a ciki, in bi ka."

Jami'in ko ɗaga kai bai yi ba. Ya zaro takarda guda ɗaya, ƙa'idar da minista ya sa wa hannu wata uku da suka wuce: mai zuba gas ba lasisi, biyan tara ko ɗaurin wata shida.

"Wa ya yi muhawara a kan wannan?"

"Ni dai aiko ni aka yi, Baba." Ya ba shi sammaci, kotu ranar Litinin, kamar yadda ya ba sauran shagunan layin.

Washegari Mai Firij ya sami ƙaninsa a ofis, tsakanin tulin fayil da fankar da ke ƙara.

"Yau Yaya ne a wurinmu? Ko firij ɗinmu ne ya kai ƙara?"

Mai Firij ya ajiye sammacin a kan tebur. "Wa ya rubuta wannan ƙa'idar?"

Lauyan ya daɗe yana juya biro. "Ni. Aikina ne. Sashen ƙarshe ya ba minista ikon yin ƙa'idoji, ai ka karanta."

"Na karanta, layi biyu ne. Na tambaye ka, ka ce na fom ne da hatimi. Ranar da ka ce mu janye, ka san ta nan za a dawo da abin da aka cire?"

"Majalisa ba ta da lokacin kowane ƙaramin abu, Yaya. Gas ɗin kuma yana da illa."

"Ban ce ba shi da illa ba. Da sun miƙe a gaban jama'a sun ce laifi ne, da na san wanda zan ƙi zaɓa. Wannan wa zan kama?"

Ƙanin ya rage murya. "Bar mini sammacin. Waya ɗaya zan buga, maganar ta mutu."

"Na mutum goma sha tara da na ce su janye fa?"

Ƙanin ya jawo wani fayil ya buɗe. Mai Firij ya jira, don shi mai jira ne. Daga bisani ya ninke sammacinsa ya sa a aljihu ya fita.

Ranar Litinin ya ɓalle dokar daga bango ya tafi da ita kotu a hammata. Masu gyaran na jere a benci ɗaya, kowa da takardarsa a hannu. Ya yi musu sallama, suka amsa ciki-ciki. Akwai wurin mutum ɗaya in an matsa, amma ba wanda ya matsa. Ya jingina da bango a tsaye, yana jiran a kira shi.